Sword Art Online ko Log Horizon: wanne ya fi fahimtar halin mutanen da aka kulle a cikin gem?

Abba Gem: Assalamu alaikum. Akwai maganar da nake so mu baje ta a nan. Duk inda aka tayar da zancen anime ɗin da 'yan wasa suka maƙale a cikin gem, Sword Art Online (SAO) ake fara kira, sai ka ce shi kaɗai aka taɓa yi. A wajena SAO ya samu tushen labari mai ƙarfi, amma ya yi gaggawa da shi. A cikin labarin, mutum 10,000 ne suka shiga gem ɗin da hular NerveGear ranar 6 ga Nuwamba 2022, suka nemi maɓallin fita suka rasa. Kayaba Akihiko, wanda ya ƙirƙiri gem ɗin, ya tara su a dandalin garin farko ya ce wanda ya mutu a nan ya mutu a can, kuma babu fita sai an ci hawa 100 na Aincrad, ginin mai shawagi a sama da gem ɗin ke gudana a ciki. Wannan abu ne da zai ɗauki zango uku cur. Amma a kashi na 14 an rufe shi, a hawa na 75. Shekara biyu ta rayuwar dubban mutane aka matse a kashi 14, kuma mafi yawansu Kirito, jarumin labarin, kaɗai ake bi. Log Horizon kuwa ya zauna ya yi tambayar da nake son jin amsarta: in an kulle dubban mutane wuri guda, ba hukuma, ba alƙali, ba ɗan sanda, wa zai hana mai ƙarfi taka marar ƙarfi? Wanda bai gama kallo ba ya yi haƙuri, za a tona labari.

Ummi Tela: Wa alaikumus salam Yaya Abba. Gaskiya ban yarda ba. A Log Horizon wanda aka kashe farkawa yake yi a babban cocin gari ya ci gaba da harkarsa. To ina tsoron yake? Ka koma kashi na 3 na SAO. Kirito ya shiga wata ƙaramar ƙungiya ta abokai 'yan makaranta ɗaya, ya ɓoye musu cewa ya fi su ƙarfi nesa ba kusa ba, don yana jin kunyar su san ko shi wane ne. Suka shiga wani ɗaki a hawa na 27, ɗayansu ya ga akwatin dukiya ya buɗe, ƙararrawa ta kaɗa, ƙofa ta rufe, dodanni suka yi ta ɓullowa, lu'ulu'un da ke fitar da mutum daga wuri ya ƙi aiki. Yana kallo aka kashe su ɗaya bayan ɗaya, har Sachi da ya yi wa alkawarin ba za ta mutu ba. Shugabansu ba ya wurin, ya tafi saya musu gidan da suka daɗe suna tara wa kuɗi. Da ya ji labari sai ya faɗa daga gefen Aincrad. Bayan wata da watanni Kirito ya samo abin da aka ce yana tayar da matacce, ya tarar daƙiƙa 10 kacal yake aiki bayan mutuwa. Nuna min kashi ɗaya a Log Horizon da ya kai wannan nauyi.

Abba Gem: Ƙanwata, wannan kashin shi ne mafi kyau a zangon gaba ɗaya, ba na ja. Amma shi ne ma hujjata. A kashi guda muka san su, a kashi guda aka binne su. Da an bar mu mun zauna da su kashi huɗu ko biyar, da mutuwar Sachi ta fi haka ciwo.

Bash Kwamfuta: Akwai dalilin wannan tsalle-tsallen, kuma daga littafin ya samo asali. Reki Kawahara ya rubuta labarin ne don gasar Dengeki ta 2002, ya wuce yawan shafukan da aka ƙayyade, sai ya sa shi a shafinsa na intanet. Sai a 2009 aka buga shi, bayan ya ci gasar da wani labarinsa, Accel World. Littafi na farko yana nuna ranar farko ne, daga nan ya yi tsalle zuwa kusan ƙarshe, hawa na 74 da 75. Labarin Sachi, da na Silica, da na Lisbeth maƙeriya, da na Yui, duk gajerun labarai ne da ke littafi na biyu. Da kamfanin A-1 Pictures ya zo yin anime a 2012 sai ya jera su bisa tsarin lokaci. Shi ya sa kake jin kamar ana buɗe maka taga ana rufewa. Marubucin da kansa ya koma ya fara Progressive, inda yake bin Aincrad hawa-hawa, kuma an yi fina-finai biyu daga ciki a 2021 da 2022.

Auta: Yaya Bash, Progressive ɗin Asuna ake bi ko Kirito?

Bash Kwamfuta: A fim na farko ta idon Asuna, jarumar labarin, ake kallo, tun daga ranar da ta ari hular yayanta ta sa. Littattafan kuwa galibi Kirito ne ke ba da labari.

Anti Nas: Ni abin da ya riƙe ni a SAO ba takubba ba ne, gangar jikin da aka bari a gado ne. Aikina kenan, kula da marasa lafiyar da ba sa iya juyawa da kansu. Mutumin da ya kwanta wuri ɗaya, in ba a juya shi akai-akai, fatar ƙugu da ta diddige da ta kafaɗa sai ta fara ja, daga nan ta buɗe ta zama gyambo. Shi ya sa muke juya su kusan kowace awa biyu, dare da rana. Naman jiki yana zagwanyewa, gaɓoɓi su sandare, abinci sai ta robar hanci ko ta jijiya. Yanzu ku lissafa mutum dubbai a haka har shekara biyu. Ma'aikata nawa ke nan? Uwa nawa ce ke zuwa kullum ta zauna gefen ɗanta, ga shi yana numfashi, ga hular a kansa, kuma ta san in ta cire ta kashe shi? Mutum 213 aka ce sun mutu tun ranar farko saboda 'yan'uwansu sun cire musu. Wannan lambar ta fi komai tsaya min a rai, domin ƙauna ce ta sa suka cire.

Na ji daɗi da suka nuna farkawar Kirito yadda ya kamata. Ya ɗaga hannu ya ga ƙashi da fata, gashi ya yi tsawo ya manne, murya ta ƙi fita, ya dafa ƙarfen ƙarin ruwa yana jan ƙafa a barandar asibiti. Asuna ma tun suna ciki ta faɗa masa cewa jikinsu da ke asibiti ba zai jure har abada ba, ko sun yi yaƙi ko sun zauna. Log Horizon bai taɓa wannan ba.

Auta: Anti ni kuma maganar wuta ce ta ba ni tsoro. Ai Kayaba ya ce in aka yanke wa hular wuta na minti 10, ko intanet na awa 2, shi ke nan. Ina kallo wuta ta ɗauke a gidanmu, sai da gabana ya faɗi.

Bash Kwamfuta: Haka ne Auta. Akwai batir a cikin hular, shi ne ke ba ta ƙarfin ƙona ƙwaƙwalwa ko da an zare ta daga soket. Tazarar awa 2 ɗin kuma ita ta ba da damar kwashe mutane daga gidaje zuwa asibitoci.

Sani Ɗan Kasuwa: Ku bari in shigo wa Abba. Anti, gaskiyarki, Log Horizon bai nuna gado da asibiti ba, don su ba su ma san me ya faru da jikinsu ba. Amma ya nuna wata irin mutuwar. 'Yan wasa 30,000 na Japan suka tsinci kansu a duniyar Elder Tale. Ba a mutuwa, ba a rasa wurin kwana, kuɗin abinci ba wuya. Amma abincin, ko wane iri ne, ɗanɗanonsa ɗaya, su da kansu suka ce na jiƙaƙƙen biskit ne marar gishiri. Sai ka ga mutane zube a titunan garin Akiba sun haɗa kai da gwiwa, babu abin da zai tashe su da safe. Daga nan ɓarna ta fara: tare hanya, ƙwace, manyan ƙungiyoyi su mamaye wuraren farauta.

Wurin da ya burge ni shi ne daren da suka ceto wata yarinya, Serara, daga garin Susukino. Nyanta ya hura wuta, ya soke nama ya gasa da hannunsa, bai danna jerin umarnin gem ba. Ƙamshi ya tashi, maiƙo yana ɗiga a garwashi, Naotsugu ya gatsa ya kusa kuka. Sirrin kenan: wanda yake da sana'ar girki a gem ɗin, in ya dafa da hannu, abinci zai yi ɗanɗano. Shiroe, jarumin labarin, bai yi shela ba. Ya sa ƙungiyar Marielle ta buɗe rumfar sayar da burodi da nama, layi ya yi tsawo, manyan ƙungiyoyin 'yan kasuwa uku suka ɗauka akwai wani babban sirri, suka zuba jari. Da haka ya haɗa zinare miliyan 5 ya sayi ginin ƙungiyoyi, inda bankin gari yake. Kamar a ce mutum ɗaya ya wayi gari riƙe da makullan rumfunan kasuwa duka, har da akwatin adashi. Wanda ya sa a jerin waɗanda aka hana shiga, ba shi ba kuɗinsa. Ba a zare takobi ba aka kafa doka a gari.

Malam Nura: Malam Sani, a nan nake da ja. Abin da Shiroe ya yi barazana ce, ko mun so shi ko ba mu so. Ya kira shugabannin ƙungiyoyi taro, ya ce ku zo mu yi shawara, alhali ya riga ya riƙe wuyan kowa. Isaac ma, ɗaya daga cikin shugabannin, a wurin taron ya faɗa masa haka a fuska. Mun yarda da shi ne don mun san zuciyarsa, mun ga ƙungiyar Hamelin tana tsare ƙananan 'yan wasa irin su Minori da Tohya, tana ƙwace ruwan ƙarin ƙarfin da gem ke ba wa waɗanda ba su kai mataki na 30 ba, tana sayar wa manya. Amma mutanen Akiba ba su zaɓe shi ba. In da mugu ne ya riga shi tara kuɗin fa?

Abba Gem: Malam, ai labarin bai gudu daga wannan tambayar ba. Ya nuna Minami, garin da ke wurin Osaka, inda Nureha ta sayi cocin da ake farfaɗowa a ciki, kowa ya koma ƙarƙashin ƙungiya ɗaya tilo. Dabara iri ɗaya ce, sakamako daban. Shiroe ya miƙa ikon ga majalisar ƙungiyoyi 11, kuma ya bayyana sirrin girki ga kowa kyauta. Daga nan maƙera da masu ɗinki da masu sassaƙa suka gane su ma haka abin yake, har aka kai ga ƙera injin tururi. Kuma a zango na uku, wanda ya fito a 2021, majalisar ta tsage. Eins, ɗaya daga cikin 'yan majalisar, ya fice saboda masu ƙarfi sun yi arziki, raunana suna nan inda suke, har sai da aka yi zaɓe. Wane anime na gem ne ya taɓa kai ka rumfar zaɓe?

Malam Nura: Wannan na yarda. Kuma ni a zaɓen nan zuciyata tana tare da Eins a kan matsalar da ya gani, ko da ban yarda da waɗanda ya jingina da su ba. Mutumin ya ga talakawan garin da idonsa.

Ummi Tela: Yaya Abba, kana magana kamar SAO bai taɓa wannan ba. Ka manta da Rundunar da ke hawa na farko, wadda ɓangaren Kibaou ya mayar da ita ta karɓar haraji da ƙarfi, har suna tare yara a lungu? Ka manta da Sasha da ta tara ƙananan yara a coci tana ciyar da su? Da Agil, ɗan kasuwar da kowa ke ganin mai son kuɗi ne, ashe ribarsa a kan 'yan matsakaicin mataki take ƙarewa? Da dattijo Nishida mai kamun kifi a hawa na 22? Waɗannan duk mutane ne da suka zaɓi yadda za su rayu.

Abba Gem: Ban manta ba. Kowannensu da an ba shi fili da ya ɗauki labari shi kaɗai, Sasha musamman. Amma leƙa su kawai aka yi aka wuce, kuma kusan kullum Kirito ne ke zuwa ya warware. A Log Horizon Shiroe ba ya iya kashe dodo shi kaɗai, aikinsa taimaka wa wasu ne da lissafin daƙiƙu. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma haka irin wannan gem ɗin yake a zahiri, ba a cin babban dodo da mutum ɗaya.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum, daga Zinder. Kun yi ta biyu kun bar na ukun da ya riga su fitowa a talabijin. .hack//Sign ya fito tun 2002, kashi 26, kamfanin Bee Train. Mutum ɗaya ne ya maƙale, Tsukasa, a gem mai suna The World, sauran suna shiga suna fita abinsu. Bambancinsa shi ne Tsukasa bai damu ya fita ba. Daga baya ake gane cewa a zahiri yarinya ce kwance a asibiti ba ta cikin hayyacinta, kuma gidan da za ta koma akwai uba mai dukanta. To me zai sa ta so fita? Faɗa kaɗan ne a ciki, zance ne mai yawa, mutane a zaune kan dutse suna magana, shi ya sa da yawa ba sa gama shi. Amma ni shi ya fi taɓa ni. Kuma mai kiɗansa, Yuki Kajiura, ita ce ta yi kiɗan SAO bayan shekara 10.

Bash Kwamfuta: Madalla da ka kawo shi, ɗan'uwa. Akwai kuma Overlord na 2015, inda Momonga ya zauna a gem ɗin Yggdrasil har lokacin rufe shi ya yi, bai fita ba. Sai dai shi labarin mai iko ne, ba na wanda aka ɗaure ba, ban sa shi a sahun waɗannan.

Malam Nura: Akwai abin da Log Horizon ya yi wanda nake ganin ya fi maganar banki muhimmanci. Mutanen Ƙasa. Lokacin da abin yake gem, su ne waɗanda kwamfuta ke sarrafawa, mai shago da mai gadi da manomi, masu maimaita jimla ɗaya. Da aka shiga ciki sai ga su da suna, da iyali, da tarihi, kuma su in sun mutu ba sa dawowa. Sun fi 'yan wasan yawa nesa. A Susukino har bayi aka mayar da su, da hujjar cewa ai ba mutane ba ne. Wannan hujjar tsohuwa ce a duniya, duk wanda zai zalunci wani da ita yake farawa. Rundelhaus, yaron da ya ɓoye cewa shi ɗan Ƙasa ne don yana son zama jarumi irinsu, ya tsaya kare gari ya faɗi, Isuzu tana riƙe da shi tana kuka don ta san shi ba zai farka a coci ba. Ummi, ga kashin da kika nema.

Ummi Tela: Na kalle shi Malam, ya taɓa ni. Amma Shiroe ya rubuta takardar yarjejeniya ya ceto shi. Sachi ba wanda ya ceto ta.

Sani Ɗan Kasuwa: Kuma ba gaskiya ba ne a ce mutuwa kyauta ce a Log Horizon. Duk mutuwa tana gutsurar wani abu daga abin da mutum ke tunawa na tsohuwar duniya. Krusty ya gane haka ne da ya nemi sunan kyanwarsa a ransa ya rasa. Yau kyanwa, gobe fuskar mahaifiya.

Auta: Don Allah in tambaya, ƙannena suna son kallo tare da ni. Wanne zan sa musu?

Anti Nas: Log Horizon, ƙanina. A tashar ilimi ta NHK aka nuna shi a Japan tun 2013, ba za ka ji kunya ba in babba ya shigo. Rabin SAO na biyu kuwa, inda Sugou, mugun wannan ɓangaren, ya tsare Asuna a keji a cikin wani gem, akwai wuraren da ni kaina sai da na kawar da kai. An ɗauki yarinyar da ke jagorantar mayaƙa a fagen daga aka mayar da ita abin wulaƙantawa don a ba namiji dalilin fushi. Wannan ya ɓata min rai sosai, kuma kada yara su gani.

Ummi Tela: A wannan kam ina bayanki Anti. Duk son da nake wa SAO, ba na kare wannan ɓangaren.

Ɗan Damagaram: Tunda an zo rabin nan, me kuke gani game da son da Suguha ke yi wa Kirito? Na ga Turawa suna ta ƙyamar abin, alhali 'yar ƙanwar ko yayar mahaifiyarsa ce, ba ciki ɗaya suka fito ba. Mu a wajenmu auren zumunci ne, kuma a Japan ma doka ba ta hana ba.

Malam Nura: Ba nan gizo ke saƙar ba, ɗan'uwa. Iyayensa sun rasu yana jariri, uwar Suguha ta ɗauke shi ta raine shi. A wajenmu tambayar farko ita ce ko ta shayar da shi, don in ta shayar sun zama 'yan'uwan shayarwa, magana ta ƙare. Ko ba wannan, sun tashi ɗaki ɗaya tana ce masa yaya. Abin da ya fi damuna shi ne an ci lokaci mai yawa a kai, alhali mutum 300 suna kwance ba su farka ba, Sugou yana gwaji da ƙwaƙwalensu.

Bash Kwamfuta: Wani abu da ya faru a zahiri: a Nuwamba 2022, daidai lokacin da labarin ya ce an buɗe SAO, Palmer Luckey, wanda ya kafa Oculus da Facebook ya saya a 2014, ya nuna wata hula da ya haɗa da ababen fashewa guda uku a goshi, wai in ɗan wasa ya mutu a gem su tashi. Ya ce ado ce kawai ta ofis. Ni ban ga abin burgewa ba. Mutum ya kalli labarin da aka yi don a tsorata, shi kuma ya ga abin kwaikwayo.

Malam Nura: Ni a aji nake ganin nawa. Yaro ya kwana yana Free Fire ko PUBG, da safe ido ja, kai a kan benci. Babu hular da ta ɗaure shi, maɓallin fita yana nan, amma ba ya iya dannawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sa jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019. Chaina a 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 gem na intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu. Tsorona shi ne waɗannan labaran suna ƙawata wa yaro zama a ciki. Kirito a waje yaro ne mai gudun mutane, a ciki kuwa gwarzo ne da kowa ke kallo. Wane saƙo yaro zai ɗauka?

Anti Nas: Malam, damuwarka gaskiya ce, amma akwai ɗaya gefen. A zango na biyu na SAO akwai Yuuki, yarinyar da ta kamu da cuta mai karya garkuwar jiki tun haihuwa ta hanyar ƙarin jini. Shekara uku tana cikin na'urar asibiti a ɗakin da ba a barin ƙwayar cuta ta shiga. A gem ne kaɗai take gudu, take tsalle, take da ƙawaye. Duk 'yan ƙungiyarta masu jinya ne, burinsu su ci babban dodo ɗaya don a rubuta sunayensu a allon tarihi kafin su rabu. Asuna ta ɗora 'yar kyamara a kafaɗa ta kai ta makaranta, malami ya ce ta yi karatu, ta karanta wa aji da muryarta. Na yi jinyar yaran da suka daɗe a gado, na san yadda suke kallon taga in sun ji ana tashi daga makaranta. Wannan ɓangaren ya wanke min laifin SAO da yawa.

Abba Gem: Tohya ma haka, a zahiri a keken guragu yake bayan haɗarin mota, a Elder Tale kuma shi ne ke tsayawa gaba ya tare wa abokansa sara. Kuma Log Horizon bai ce kowa ya ji daɗin zama ba. A zango na biyu akwai mayaƙan Odyssey, masu yawo da cocin tafi-da-gidanka, suna jefa kansu cikin dodanni da gangan, don a tsakanin mutuwa da farkawa suna hango tsohuwar duniya na ɗan lokaci. Suna sayar da tunaninsu na gida don su ga gida. Tohya, wanda komawa ke nufin komawa kan keke, shi ne ya tsaya gabansu yana musu da su. Malam, ban ga ƙawatawa a nan ba.

Malam Nura: A wannan ban ga ba. A SAO nake gani, musamman yadda aka yi da Kayaba. Mutum 3,853 suka mutu ta dalilinsa. Da aka tambaye shi me ya sa, ya ce shi ma ya daɗe da mantawa, sai mafarkin wani gini mai shawagi a sama da yake yi tun yana yaro. Suka tsaya tare da shi suna kallon faɗuwar rana cikin natsuwa. Daga baya ma shi ne ke dawowa ya taimaki Kirito a kan Sugou, ya ba shi irin da aka gina sababbin gem da shi. An mayar da mai kisan jama'a wani mai hangen nesa. Ban ga an kawo uwa ɗaya ko uba ɗaya daga iyayen mamatan nan sun yi magana ba.

Ummi Tela: Fim ɗin Ordinal Scale na 2017 ya kawo, Malam. Farfesa Shigemura uba ne, 'yarsa Yuna ta mutu a Aincrad, kuma shi da kansa ya samo mata hular. Duk abin da ya aikata a fim ɗin baƙin cikinta ne ya sa shi.

Malam Nura: To shi ma ai mugun labarin aka mayar da shi. Uban da ya rasa 'ya shi ne abokin faɗa, wanda ya kashe ta kuma ana jin maganarsa kamar ta malami.

Bash Kwamfuta: Kuma Kayaba ɗalibin Shigemura ne a jami'a, shi da Sugou duka. Shi ya sa ciwon ya yi masa biyu.

Auta: Ban kalli Ordinal Scale ba. Kafin zango na biyu yake ko bayansa?

Bash Kwamfuta: Bayansa, kafin zango na uku, wato Alicization. Ka gama labarin Yuuki tukuna, don akwai wurin da ba za ka gane ba a faɗan ƙarshe in ba ka san ta ba.